Jariri Yana Ji

Jama'a, akwai wata magana da ta zauna a bakinmu mu mutanen zongo, watau "ai yaro ne, bai san kome ba." Da ita mukan yi faɗa a gaban goyo, da ita mukan ɗauke yaro daga bayan uwa tasa rana ɗaya mu kai shi wani gari. To, muna so mu auna maganar nan da abin da aka gani a birane biyu na ƙasar Faransa.

Masana sun tabbatar ɗa yakan fara ji tun yana ciki, wajen wata na shida zuwa na bakwai. Kalmomi ba su isa gare shi sarai, sai karin murya, hawanta da saukarta. A 1988 wani malami a birnin Faris, Jacques Mehler, da abokan aikinsa suka gwada jarirai 'yan kwana 4. Aka sa musu kan roba a baki mai ƙirga tsotso, sa'an nan aka sa muryar mace ɗaya, tana Faransanci tana Rashanci. 'Ya'yan Faransawa suka fi tsotso da ƙarfi in sun ji Faransanci. Ashe tun ba a yanka ragon suna ba jariri ya san harshen gidansu. Mu da Hausarmu ke tafiya da karin sauti, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ke kukan 'ya'yansa ba su jin Hausa a Kumasi ko Nima, ya tambayi kansa da wane harshe ake hira a ɗaki.

A birnin Liyon kuwa, a ƙarni na 18, masaƙan siliki sun yi yawa, mata da miji duk suna bakin aiki. Saboda haka da an haihu sai a aika da jariri ƙauyukan duwatsu, a biya wata ta shayar da shi. Da yawa ba su komo ba. Faris ma haka: a 1780 shugaban 'yan sandan birnin ya ce cikin jarirai 21,000 da ake haifa a shekara, waɗanda uwayensu ke shayarwa ba su wuce 1,000 ba. Sai 1874 aka yi doka ta duba yaran da aka ba da reno.

Kada a ce nono kaɗai ne. Daga 1946 wata likita, Jenny Aubry, ta duba yaran wani gidan reno a Faris da ake kira Parent de Rosan. Ana ba su abinci, ana yi musu wanka, amma babu mutum guda da yaro zai ce nasa ne. Waɗansu suka yi shiru, ba dariya, ba magana, sai kaɗa jiki. Zuciyar yaro tana bukatar fuska ɗaya da ta sani, kamar yadda cikinsa ke bukatar koko.

A nan iyayenmu sun riga Turawa. Goyo, da tawai, da waƙar lallashi, da kakar da ba ta gajiya, duk magani ne. Riƙo ma alheri ne, muddin an bar yaro ya saba da mai riƙonsa kafin a raba shi da uwa tasa. Yaye kuwa a bi shi sannu sannu.

Ku samari da ke shirin aure, mai ciki mutum biyu ce, kowace tsawa kunne huɗu ke jin ta. Ku dattawa, in za a kai yaro riƙo ku sa baki a jinkirta har ya yi wayo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen ne ya fi saurin ƙujewa.

Allah ya raya mana zuriya, amin.