Ashe har kare ake yi wa hoton ƙirji?

A Ɗan Barto da sauran garuruwan ƙasar Matameye, idan yaro ya ce yana son zama likita, sai ka ga fuskar iyaye ta washe. Amma bari ya ƙara da "na dabbobi", nan take murna ta koma ciki. Wani uba ya taɓa ce mini: "Malam, ni ɗana ba zai ƙare a likitan kare ba." Alhali kuwa a gidansa akwai shanun huɗa biyu da tumaki da awaki, kuma su ne asusunsa duk ranar da hatsi ya ƙare a rumbu.

Ina so in yi wa iyaye da 'yan'uwana malamai bayanin abin da wannan karatu ya ƙunsa, ta hanyar abin da aka fi rainawa a cikinsa, wato kare.

Wani tsohon ɗalibina ya yi karatu a makarantar likitancin dabbobi ta EISMV da ke Dakar, wadda aka kafa a 1968, ƙasashen Afirka da dama suka haɗu a kanta har da Nijar. Da ya zo hutu, ya nuna mini hoton ƙirjin wani kare a wayarsa. Ni dai baƙi da fari kawai na gani, kamar hadari da daddare. Shi kuwa sai ya shiga karanta shi kamar allo.

Ya ce hasken da Röntgen ya gano a Jamus a 1895 yana ratsa iska cikin sauƙi, shi ya sa lafiyayyen huhu yake fitowa baƙi. Ƙashi yana tare hasken, sai ya fito fari. Kitse da nama da ruwa suna tsakani, toka-toka. Idan wani sashe na huhu ya yi fari, wani abu ya maye gurbin iskar: ruwa, ko mugunya, ko ƙari. Hoto ɗaya ba ya isa. Sai an ɗauka ta gefe, an kuma ɗauka ta sama ko ta ciki, lokacin da karen ya ja numfashi. Kafin a ce komai a kan cuta, sai an tabbatar hoton ya ɗauku daidai, domin kare da ya karkace yana iya sa lafiyayyar zuciya ta yi kama da kumburarriya.

Har awo ake yi. Akan auna tsawon zuciya da faɗinta, a ɗora a kan ƙasusuwan gadon baya daga na huɗu na ƙirji, a ƙirga. A yawancin karnuka jimillar takan kama kusan 9.7, amma jinsi ya bambanta: siririn karen farauta mai zurfin ƙirji, irin na Azawak, ba ɗaya yake da gajeren kare mai faɗi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, majinyacin ba ya magana. Mutum zai ce maka ga inda yake masa ciwo, tun yaushe. Kare da sa da rago ba za su ce uffan ba. Dole likitan ya koyi kallo a tsare, daga haƙarƙari zuwa maƙogwaro, zuwa zuciya da huhu, ba tare da ya tsaya a abin da ya fara ɗaukar idonsa ba. Mu malamai mun san darajar wannan, don yaron da ya fi buƙatar taimako a aji sau da yawa shi ne wanda ba ya ɗaga hannu.

Wani zai ce, a garin da ɗan Adam ma sai ya je babban asibiti kafin a yi masa hoto, wa zai kai kare? Gaskiya ne. Amma idon da aka horar a kan wannan hoto shi ne zai duba huhun saniya a mahauta ya gane tarin fuka, wanda mutane ke iya ɗauka ta madarar da ba a tafasa ba. Shi ne kuma zai yi wa karnuka rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Su ne 'yan ajinmu, masu bin karnuka zuwa farauta.

Addini ma bai koya mana wulaƙanta dabba ba. Mun san labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa.

Don haka, 'yan'uwana malamai, a ranar 28 ga Satumba ko kowace rana, mu koya wa yara cewa idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti tun kafin alamu su bayyana. Ku kuma iyaye, idan yaro ya ƙware a lissafi da kimiyya ya ce dabbobi yake so, ku sa masa albarka. Ga Dakar, ga kuma jami'o'in Zariya da Sakkwato a maƙwabta. Garken da muke dogaro da shi yana buƙatar ɗan gida wanda ya san ciwonsa.