Abin da Na Koyo a Karatun Teku

Tambaya ɗaya mutane sukan yi mini in na zo gida: "Kai da ka tashi a kudancin Kaduna, inda ba ko babban tafki, me ya kai ka karatun teku?" Waɗansu da ba'a suke yi. Amma akwai iyayen da suke tambaya da gaske, gama 'ya'yansu sun sami gurbi a wannan fanni, su kuwa suna tsoron kada kuɗin makaranta ya tafi a banza. Dominsu nake rubuta wannan.

A Jami'ar Kalaba na yi karatuna. Shekarar fari ba mu ga teku ba sai a allo. Ilmin halittu muka sha, da kemistiri, da lissafi. Daga baya aka fara fita da mu cikin kwale-kwale zuwa bakin Kogin Kuros, inda ruwan daɗi yake gamuwa da ruwan gishiri. Muka koyi auna gishirin ruwa, wanda a tsakiyar teku yakan kai giram 35 cikin kowace lita. Muka koyi lissafin cikowar ruwa da janyewarsa, sau biyu a kowace rana. Wanda bai iya wannan lissafi ba, jirginsa zai kafe cikin taɓo, ya yi ta jira sauro na cinsa.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne kurmin mangurof. Itatuwa ne masu tsira cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo. Ƙasarmu tana da gaɓar teku wajen kilomita 850, kurmin mangurof namu kuwa ya fi na kowace ƙasa a Afirka girma. Mai wucewa ba zai ga kome ba sai laka mai wari. Amma cikin saiwoyin nan ne 'ya'yan kifi da na jatan lande suke ɓuya har su yi ƙarfin fita teku. Uwargida, karafish ɗin da kike daka wa miyar agushi, da bandar bonga da ake kawowa kasuwar Kafanchan, daga irin wuraren nan suke fitowa. Ruwan Kogin Kaduna ma can yake ƙarewa, bayan ya shiga Kwara, tare da ledar da muka zubar a kwata.

Kurmin nan yana shan wahala. A 1906 aka kawo wata irin kwakwa mai suna nipa daga Singafo, aka dasa a Kalaba don ta tare zaizayar ƙasa. 'Ya'yanta suna yawo bisa ruwa, duk inda aka sare mangurof sai ta cinye wurin, kifi kuwa ba ya samun mafaka a gindinta kamar dā. Ga kuma ɗanyen mai, wanda yakan toshe saiwoyin da itacen yake numfashi da su. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Duk wannan ana iya koyonsa da ƙwazo. Darasin da ya fi wuya shi ne na kiyaye teku da tsara amfani da shi, gama a nan da mutane ake aiki. An tura mu wani ƙauyen masunta mu ƙirga yawan itacen da ake sarewa. Na tarar da wata tsohuwa tana banda kifi, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. Na ce mata, "Mama, in aka gama sare kurmin nan, kifin ma zai ƙare." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, na riga ka sani. Amma in ban banda shi yau ba, gobe ya ruɓe. Da me zan biya kuɗin makarantar jikokina?" Da itacen mangurof take aiki domin yana cin wuta ko da ɗanye ne, wani itacen kuwa babu a kusa.

A ganina, mai ilmin da zai je wa matar nan da doka kaɗai bai gama karatunsa ba. Sai ya je da murhun banda mai cin itace kaɗan, irin wanda aka fara a Chorkor ta ƙasar Gana a 1969, mai faifai da yawa bisa wuta ɗaya. Gana ɗin ce kuma ta so hana masu kwale-kwale fita kamun kifi na wata guda a 2018, don kifi ya sami damar hayayyafa. Masunta suka ƙi, gama an sanar da su a ƙurarren lokaci. Sai a 2019, bayan an zauna da shugabanninsu, abin ya yiwu.

To, batun aiki fa? Ba zan ruɗe ku ba, iyaye. Guraben ba su kai na malanta ko na jinya yawa ba. Akwai Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da aka kafa a Legas a 1975, da ma'aikatun kula da kamun kifi, da hukumar da take bin sawun malalar mai. Waɗansu abokan karatuna sun komo arewa suna kiwon tarwaɗa, gama wanda ya san lafiyar ruwan teku ba zai kasa da na kududdufi ba. Yaron da yake son fannin nan, ya riƙe ilmin halittu da kemistiri da lissafi da kyau tun daga sakandare. Ku kuma nema masa wanda zai koya masa iyo kafin ya tafi, kada ya hau kwale-kwale ba rigar kariya ko da malami ne ya ce ba kome.