Murfin lagireto da hannun yaron mota

A cikin watan Afirilu na shekarar 1994, wata uku bayan karyewar darajar kuɗin sefa, na shiga wata babbar mota mai ɗauke da albasar Galmi zuwa Yamai. Ina ƙaramin ma'aikaci a lokacin, albashi bai zo ba, don haka na roƙi direba ya ba ni wuri a gaba. Mun wuce Birnin Ƙonni, rana ta take, sai allurar zafin inji ta haura. Direba ya tsaya gefen hanya ya ce wa yaronsa: "Kai, sauka ka ƙara mata ruwa."

Yaron, wanda bai wuce shekara 16 ba, ya buɗe gaban mota, ya kasa kunne, ya ce: "Maigida, ruwan ko tafasa ba ya yi." Ya sa hannu ya murɗe murfin lagireto. Nan take ruwa da tururi suka yi tsiri sama, suka sale masa hannu tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ina zaune ina kallo, ban ce uffan ba. Abin da ke damuna har yau shi ne, an koya mini dalilin wannan abu a lakkol, na rubuta shi a jarrabawa, amma ban taɓa kawo shi kusa da murfin mota ba.

Mushe ya koya mana cewa ruwa yana tafasa a digiri 100. Akwai sharaɗi a cikin maganar, wanda yawancinmu muka manta: hakan yana faruwa ne idan tukunya a buɗe take, kuma a ƙasa mai daidai da bakin teku. Iskar da ke bisa kanmu tana da nauyi, tana danna kowane santimita na fuskar ruwa, tsawo da faɗi, da kimanin kilo ɗaya. Tafasa ita ce lokacin da tururin da ke son fita daga cikin ruwa ya yi ƙarfin da zai ture wannan danni. In an ƙara danni, dole ruwa ya ƙara zafi kafin ya tafasa. In an rage, sai ya tafasa da wuri.

Aikin murfin lagireto ke nan. Ba don ƙura kawai aka yi shi ba. Yana da roba da ƙarfe mai naɗi da ke riƙe tururi a ciki, har dannin ya kusa ninka na iskar waje, ruwa kuwa ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120. Ruwan da yaron ya ji shiru, ya riga ya wuce digiri 100, murfi ne kaɗai ya hana shi motsi. Da aka cire murfin, dannin ya faɗi, wani kashi na ruwan ya koma tururi a ƙiftawar ido. Lita ɗaya ta ruwa kuwa, in ta zama tururi, tana neman wurin lita 1.700. Shi ya sa ta ingizo sauran ruwan waje.

Murfin ya faɗa cikin rairayi, ba a gan shi ba. Direba ya cusa tsumma a bakin lagireto, ya ce ai haka ma ya fi, ba mai sake ƙonewa. Kafin mu kai Dogondutsi, inda aka ɗaure wa yaron hannu, mun tsaya sau huɗu, domin yanzu ruwan yana tafasa da wuri yana tsiyayewa. Mai albasa yana ta ƙirga asararsa a cikin rana.

Shekaru bayan haka aiki ya kai ni dutsen Bagzan a ƙasar Ayar, inda ƙololuwa ta kai mita 2.022. Can na ga kishiyar abin. Muka ɗora wake, tukunya tana ta ɓararraka, wake ya ƙi nuna. Iska ba ta da nauyi sosai a can, ruwa yana tafasa wajen digiri 93, kuma duk icen da za ka ƙara ba zai wuce nan ba, sai dai ya ƙafe. A bisa dutsen Eberes, mafi tsawo a duniya, digiri 70 ya kusa isa. Maganin wannan shi ne tukunya mai murfi a ɗaure, wadda Bafaranshe Denis Papin ya ƙirƙiro a 1679, jikarta kuwa ita ce kokot-minit da muke gani a kasuwa. Tana dafa wake a wajen digiri 120, cikin ɗan lokaci, da ice ko gaz kaɗan.

Wani abokin tafiya ya ce a zuba gishiri, zai ƙara wa ruwan zafi. Da gaskiya a maganarsa, amma ƙarama. Duk abin da ya narke a ruwa kuma ba ya tashi da tururi, kamar gishiri ko sukari, yana shiga tsakanin ƙwayoyin ruwa ya rage musu hanyar fita, sai an ƙara zafi. François-Marie Raoult ya auna wannan a Faransa cikin shekarun 1880. Sai dai a zuba giram 58 na gishiri a lita ɗaya kafin a sami ƙarin digiri ɗaya tak, abincin kuwa ba zai ciwu ba. Kanwa da mata ke sa wa wake tana taimako, amma ta wata hanya: tana sassauta jikin waken ne, ba zafin ruwa take ƙarawa ba.

Inda abin da ya narke ya yi yawa, nan bambancin yake fitowa. Ruwan gishirin da matan Dallol Foga ke dafawa, in ya ƙoshi, yana kaiwa wajen digiri 108. Sukarin mai alawa yana hawa har 150 yayin da ruwansa ke ƙafewa, shi ya sa ƙunarsa ta fi ta ruwa muni. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a jarka, rabinsa wani sinadari ne, gilikol, yana tafasa wajen digiri 107 ko babu murfi, yana kuma hana tsatsa. Ruwan rijiya mai kanwa kuwa ba ya ƙara wani zafin kirki, sai dai ya bar farin ɓawo da ke toshe hanyoyin lagireto.

Ƴan kasuwa masu motoci, da mu da ke hawa motar gwamnati, ga roƙona. In inji ya yi zafi, a kashe shi a jira aƙalla rabin awa, sannan a ɗora tsumma mai kauri a sassauta murfin a hankali. Murfin da robarsa ta mutu a canza shi, kuɗinsa bai kai na inji ba. In kuwa tsautsayi ya auku, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi bisa ƙunar na minti 20, kada a shafa mai ko man goge baki, a nufi likita.

Ban sake ganin yaron nan ba. In yana raye, yanzu shi ma maigida ne da nasa yaran mota. Ina fata yana faɗa musu abin da ni na sani ran nan na kasa faɗa masa: shirun ruwa a cikin rufaffen wuri ba sanyi ba ne.