Zaɓen 1945 da Ya Sauya Rayuwar Talakan Birtaniya

A watan Yulin 1945, wata biyu kacal bayan Jamus ta miƙa wuya, mutanen Birtaniya suka ba duniya mamaki. Suka kayar da gwamnatin Winston Churchill, gwarzon da ya ja ragamar ƙasar a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta lashe kujeru 393 daga cikin 640 na majalisa.

Talakawa ba su manta da uƙubar shekarun 1930 ba, lokacin da masu haƙar kwal da maƙeran jiragen ruwa suka yi shekaru babu aikin yi, magidanci yana kallon ɗansa kwance amma yana tsoron kiran likita saboda kuɗi. A 1942 William Beveridge ya fitar da rahoto mai ambaton abokan gaba biyar da ya wajaba a yaƙa: talauci, cuta, jahilci, ƙazantar muhalli da zaman kashe wando. Jama'a suka yi rububin sayensa, kuma Leba ce suka amince za ta aiwatar da shi.

Attlee ya gaji ƙasar da bashi ya yi wa katutu, har burodi sai da aka koma sayarwa da kati a 1946. Duk da haka gwamnati ta karɓe ma'adinan kwal da jiragen ƙasa, ta kafa inshorar marasa aiki, marasa lafiya da tsofaffi. Babban aikinta shi ne hukumar lafiya ta NHS, wadda aka buɗe ranar 5 ga Yuli, 1948. Ministan lafiya Aneurin Bevan, wanda ya shiga ramin kwal a Wales tun yana yaro, ya sha fama da turjiyar likitoci kafin su yarda. Da aka buɗe ƙofa, sai ga mutanen da suka yi shekara da shekaru ba sa gani sosai suna layin karɓar tabarau kyauta, tsofaffi kuma suna karɓar haƙoran roba.

A zaɓen 1951 Leba ta fi yawan ƙuri'u, amma jam'iyyar Churchill ta 'yan mazan jiya ta fi kujeru, Churchill ya dawo mulki. Abin yabo shi ne bai rushe NHS ba, haka ma gwamnatocin da suka biyo baya. Aikin da ya taɓa rayuwar kowane gida, jama'a da kansu ke tsaronsa, shi ya sa har yau babu jam'iyyar da za ta yi gangancin neman ƙuri'a da alkawarin soke shi.