Ranar da Na Zama Tafinta a Asibiti

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ban gaskata ba sai ranar da na raka kawuna asibiti a Ibadan. Kawu ba ya jin Turanci, Yarbancinsa kuwa na ciniki ne, sai aka ce ai ga ɗalibin Hausa, ya yi tafinta.

Likita ya duba sakamakon gwaji, ya ce laktik asid ya yi yawa a jinin Kawu saboda hantarsa ta yi rauni. Kawu ya dube ni ya ce, "Me ya ce, ɗan nan?" Na yi ta kame-kame, daga bisani na ce, "Wai akwai asid a jikinku." Nan take idonsa ya raina fata, domin asid ɗin da ya sani shi ne ruwan batir.

Da dare na nemi wani abokina ɗalibin likitanci ya warware mini. Ya ce tsoka da jajayen ƙwayoyin jini ne suka fi samar da wannan sinadari yayin da suke sarrafa sukari. Jini ya ɗauke shi zuwa hanta, ita kuma ta mayar da shi sukari. Miji da mata, Carl da Gerty Cori, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1947, su suka bayyana wannan kai-komo. Hanta ma takan samar da shi: idan mutum ya sha zaƙi mai yawa, kamar zuma ko lemon kwalba, takan mayar da wani kaso na sukarin laktik asid ta saki cikin jini. Barasa kuwa hana ta kwashe shi take yi.

Sannan ya ce a cikin nono mai tsami Carl Scheele ya fara tace shi a 1780. Ashe tsamin kindirmo ne!

Washegari na ce, "Kawu, wani tsami ne irin na nono da jikin kowa ke yi, hanta ke kwashe shi, taku ce ta gaji." Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, fura da nonon zan bari?" Na koma wurin likita, ya ce ba nono ya jawo ba.

'Yan'uwana ɗalibai, kalma ɗaya da na fassara da ka ta hana dattijo barci. Kafin mu fassara magana, mu fara fahimtarta. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.