Turanci a Makarantun Koyon Sana'a: Yadda Aka Ɗauke Shi a Da

A shekarun 1970 da 1980, yaron da aka tura makarantar koyon sana'a a Arewa yakan shiga ne da wani tabo a ransa. Maganar da ake yi a unguwa ita ce kansa bai ja ba, shi ya sa bai samu gurbi a sakandare ba. Da wannan tunanin yake zama a ajin Turanci. Tun kafin malami ya ɗauki alli, ya riga ya yanke hukuncin cewa darasin na masu aikin ofis ne, shi kuwa da hannunsa zai ci abinci.

Malaman ɗakin gwaji ma da nasu ra'ayin. Yawancinsu ƙwararru ne na gaske, wasu da takardar City and Guilds ta Landan, wasu da shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. Sukan ce inji ba ya jin Turanci, katako ma ba ya ji. Idan yaro ya iya riƙe zarto, ya iya kwance kabureta ya wanke ta da fetur ya mayar ba tare da ko ƙusa ɗaya ta yi saura a kan benci ba, to magana ta ƙare. Da Hausa suke bayani, sunan kayan aiki kaɗai ke fita da Turanci, kuma yara suna ganewa sarai. A nan ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne malamin Turanci. An horar da shi ne don sakandare, sai aka jefo shi cikin kafintoci da birkiloli da masu walda. Yakan shigo da rana tsaka, bayan yara sun gaji, hannuwansu duk baƙin mai, ya ce a rubuta wasiƙa zuwa ga aboki ko a rarrabe sassan jimla. Shi ma a ransa ya haƙura cewa waɗannan ba za su iya ba. Da wuya ya leƙa ɗakin gwaji ya ga littafin umarnin injin da ke ajiye a kabad, alhali a cikinsa ne Turancin da suke bukata yake.

Sai ranar jarrabawa gaskiya ta fito. Tambayoyin da Turanci suke, tun zamanin City and Guilds har zuwa hukumar jarrabawa ta NABTEB da aka kafa a 1992. Yaron da zai iya yi wa gida wayarin shi kaɗai sai ya tsaya cak a gaban tambayar da ya san amsarta, don bai gane abin da ake nema ba. Mai son wucewa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kuma ba ya samun ƙofa sai da sakamakon Turanci. Haka masu basira da dama suka ƙare a ƙarƙashin wani oga, wanda abin da ya fi su da shi bai wuce iya rubuta takardar neman kwangila ba.

Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya zo da alkawarin ɗaga darajar aikin hannu, har aka shigo da injuna makarantu, amma bai taɓa wannan rabuwa tsakanin aji da ɗakin gwaji ba.

Yau bakanike na jona na'ura a mota ta rubuto masa matsalar da Turanci, mai haɗa sola na karanta gargaɗin da ke jikin batir. Ina roƙon hukumomin makarantun fasaha na jihohinmu su haɗa malamin Turanci da malamin sana'a su tsara darasi tare, daga littattafan injuna da takardun ƙiyasin kuɗin aiki, a kuma bar bayani da Hausa yadda yake.