Injin walda mai tura waya da ke yawan ɗaukewa: kafin a kai wa mai gyara



Ƙananan injinan nan masu tura waya sun fara yawa a hannun mutanenmu, musamman masu gyaran bodin mota da masu haɗa ƙofa da taga da fallen ƙarfe marar kauri. Wasu sababbi ne a kwali daga China, wasu 'yan gwanjo ne da suka biyo kwantena daga Turai ko Amurka. Kukan da ake yi da su kusan iri ɗaya ne: ana tsakiyar aiki sai inji ya ɗauke, a ɗan jira ya dawo, can kuma ya sake. Daga nan sai a ce jabu ne, ko a ɗaure shi a bayan mashin a kai wa mai gyara ya canza fanel. Ni dai a ganina mafi yawan injinan da ake yi wa wannan shaida lafiyarsu ƙalau, kuma mai su zai iya gano matsalar da kansa idan ya tsaya ya duba abu ɗaya: a daidai lokacin da injin ya ɗauke, me ya mutu, me ya rage da rai?

Idan fanka tana juyawa, fitilar wuta tana kunne, amma ka danna kunamar bindigar walda shiru, ga kuma wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama, to zafi ne. Akwai ɗan makashi da aka manna a jikin taransifoma ko a kan ƙarfen da ke shanye zafin fanel, aikinsa ke nan ya yanke wuta idan ciki ya yi zafin da zai iya ƙona naɗin waya. A nan nake so mu ɗan daɗe, don nan ne aka fi yin asara.

Juya injinka ka dubi farantin rubutun da ke baya ko ƙasa. Za ka ga harafin X, a gabansa lambobi irin su 20%, 60%, 100%, a ƙarƙashin kowace kuma an rubuta amfiya. Lissafin a kan minti 10 ake yin sa. Injin da aka rubuta wa 20% a amfiya 90 yana nufin minti 2 na walda, minti 8 na hutu. Abin da maƙeransa suka yi alkawari ke nan tun daga masana'anta, mai shago ne kawai bai faɗa maka ba ranar ciniki. Idan ka rage wuta lokacin aiki yana ƙaruwa sosai, domin zafin yana bin ninkin amfiya ne a kanta: wannan injin dai a amfiya 60 zai kai kusan minti 4 da rabi, a wajen amfiya 40 kuma zai yi ta yi ba tsayawa. Ƙa'idar duniya ta ce a yi wannan gwaji a zafin digiri 40, amma akwai masu ƙera na araha da ke yin nasu a digiri 20 ko 25 don lambar ta yi kyau a takarda. To ka kawo wannan lissafi Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda digiri 40 zafin inuwa ne, sannan a ajiye injin a ƙarƙashin rumfar kwano ko a tsakiyar rana, an jingina bayansa da bango, ƙurar hunturun bara tana nan daskare a cikinsa. Minti biyun nan ma ba zai cika ba.

Idan ya ɗauke saboda zafi, kada ka kashe shi. Yara da yawa suna kashe makunni wai don ya huce, alhali fankar da suka kashe ita ce mai fitar da zafin. Bar shi a kunne, fitilar za ta mutu da kanta. Ka ba shi fili ta gaba da ta baya, ka ɗaga shi daga ƙasa inda garin giranda ke zuba, kuma lokaci-lokaci a cire shi daga wuta a kai wurin mai faci a hure cikinsa da iska. Ƙurar shagon walda akwai garin ƙarfe a cikinta, kuma garin ƙarfe a kan fanel yana haɗa wuta.

Abin da ke ba ni takaici shi ne gyaran da wasu ke yi: a buɗe inji, a haɗe wayoyin ɗan makashin nan biyu, a mayar wa mai shi a ce an gama, ba zai ƙara ɗaukewa ba. Gaskiya ne, ba zai ƙara ba, sai ranar da hayaƙi ya tashi. Fentin da ke jikin wayar naɗi shi ne ke raba wannan zagaye da wancan. Da ya ƙone, taransifoma ta tafi, kuma kuɗin sake naɗi ko sabon fanel ya kusa kuɗin injin. Duk mai gyaran da ya yi maka haka, cutarka ya yi ko da da kyakkyawar niyya. In kuma aikin naka gate ne mai kauri ko dirkokin rumfa, ƙarfen da ya wuce milimita 3 zuwa 4, janyo tsohuwar taransifomarka ta sandar walda. Ƙaramin nan ba a yi shi don wannan ba.

Idan kuwa komai ne ya mutu, fanka da fitila duka, ko nunin gaban injin ya yi ƙifta ya dawo, sai a koma bango. Wutarmu a takarda volt 230 ce, amma kowa ya san yadda take zuwa da yamma a unguwa mai cunkoso. Injinan zamani marasa nauyi suna da kariyar da ke kashe su idan wuta ta yi ƙasa da yawa. Mu kuma sai mu ƙara musu da doguwar waya siririya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5, idan ta kai mita 30, inji kuma yana jan amfiya 20, tana cinye kusan volt 14 a hanya, mai 2.5 tana cinye wajen 9. Wannan fa in jan ƙarfen gaske ne, ban da wayoyin da ke kasuwa masu gorar ruwa a ciki an shafa musu jan launi. Idan wutar da ta zo dama 190 ce, ka ga inda aka kwana. Ka sa mitar gwada wuta a soket ɗin da injin yake, wani ya riƙe yana kallo kana walda. Lambar da ta nuna lokacin da wuta ke ci ita ce gaskiya, ta lokacin da inji ke zaune ba ta gaya maka komai. A warware wayar duka, kada a bar ta a naɗe tana zafi. Filogin nan mai ƙafa uku fis ɗinsa amfiya 13 ne, kuma a farantin inji akwai inda aka rubuta I1max, wato iyakar abin da yake ja daga bango. A gwada lambobin biyu. Mai janareta kuma, ƙaramin nan na kunna fitila da talabijin ba zai ɗauka ba. Ko ɗan matsakaici, in ka ji ya yi nishi ya sunkuya duk sanda waya ta taɓa ƙarfe, shi ne mai laifin. Sannan 'yan gwanjon Amurka da yawa na volt 110 zuwa 120 ne, ana haɗa su da taransifomar rage wuta. In ta yi ƙarama, ita ce za ta riƙa shaƙe shi.

Sai matsalar da ta fi rikita mutane: injin bai mutu ba, fitilar zafi ba ta kama ba, amma wutar tana tsinkewa, tana tartsatsi, waya tana fita da tsalle-tsalle. Wannan salon walda an fito da shi ne a 1948 a cibiyar bincike ta Battelle da ke Ohio a Amurka, don masana'antu, kuma dabararsa ita ce inji ya riƙe ƙarfin wuta a wuri ɗaya, waya kuma ta riƙa zuwa da gudu ɗaya tana narkewa daidai yadda take isowa. A waldar sanda hannunka ne ke gyara tazara. A nan 'yar motar cikin inji ce da 'yan tayoyi biyu ke tura waya. Da gudun ya ɗan yi tangarɗa, wuta ta tsinke. Tela ya san wannan a keken ɗinki: zare in ya yi tauri ya tsinke, in ya yi sako-sako ya cukurkuɗe, kuma ba a zargin keken sai an bi hanyar zaren tun daga sama.

Haka za ka bi wayar. Goron da ke riƙe naɗin waya a ɗaure shi daidai yadda naɗin zai tsaya idan ka saki kunama, kada ya wuce haka. Tayar da ke turawa tana da kwari biyu, galibi 0.8 da 0.9 ko 1.0, a tabbata an juyo wanda ya dace da wayar. Wayar da ake aiki da ita ba gas bututu ce mai hoda a ciki, taya mai haƙora take so, kuma idan aka matse ta da yawa sai ta lotse ta maƙale a gaba. Gwajin matsi ba wuya: nuna bakin bindiga ga katako daga ɗan nesa ka danna, wayar ta lanƙwashe ta yi zobe ba tare da taya ta zame ba, shi ke nan ya isa. Wayar da ta sha damina ta yi tsatsa a yar da saman naɗin, domin tsatsar tana taruwa a bututun da ke cikin tiyon bindiga har ya toshe. A zare wayar a hure bututun, in ya karye a canza. Tiyon kansa a miƙe shi lokacin aiki, kada yaro ya taka ko a naɗe shi a ƙafar benci.

Ɗan bakin jan ƙarfen da ke ƙarshen bindiga shi ne ke ba waya wuta, kuma shi ne abu mafi araha a jikin injin gaba ɗaya. Raminsa yana faɗaɗa da amfani, ko tartsatsi ya liƙe shi, sai wuta ta riƙa kamawa tana saki. Mai wannan inji ya kamata ya ajiye su a gwangwani kamar yadda yake ajiye faifan giranda. Kuma wayar hoda takan bar ɗan dunƙulen dattin walda a bakinta bayan an tsaya. A datse shi da filaya kafin a sake farawa.

Maƙalar da ake damƙa wa ƙarfen aiki, a kankare fenti da tsatsa a maƙala ta kusa da inda ake walda. Masu bodin mota su ne suka fi faɗawa nan. In ka taɓa ta ka ji zafi, haɗin wayarta ya saki. Idan kuma inji yana ɗaukewa ne sanda ka murɗa hannu ko ka ja tiyo, siraran wayoyin kunama ne suka karye a ciki, yawanci daf da mariƙi ko inda tiyo ya shiga inji. Danna kunama ka riƙa lanƙwasa tiyon a hankali, za ka ji inda motar ke tsayawa.

In an bi duk wannan bai daina ba, to lokacin mai gyara ya yi, domin rile yakan ƙone, fanka takan mutu, dalmar fanel takan tsage saboda jijjigar hanya. Ka gaya masa abin da ka gani dalla-dalla, wace fitila ta kama, bayan minti nawa, a kan wace wuta, kuma ka faɗa masa a gaban shaida kada ya taɓa makashin zafi. Wanda kuma ya ce shi zai buɗe da kansa, ya sani cewa manyan kafasitocin da ke cikin injinan zamani suna riƙe wutar da ta haura volt 300 ko bayan an zare filogi. A jira, a gwada su da mita, sannan a sa hannu.